Yadda ake saita dogon mashin na kwalta da yashi ya ƙara ja ba tare da an kashe injinsa ba

Duk wanda ya sayi irin dogon mashin ɗin nan mai hawa kwalta ya sauka burji, ko Honda XR150L ne, ko Yamaha XTZ125, ko AG200 da ma'aikatan gona da na lafiya ke shiga ƙauyuka da shi, ko 'yan China masu 150 da 200, tambayarsa ta farko ita ce ya za a yi ya ƙara ƙarfi. Kuma amsar da ake ba shi a bakin titi kusan guda ce, a huda salansa a cire soson iska a sa babban jet, wato 'yar tagulla mai rami da ke auna mai a kafireto. Wannan shawarar ita ke kashe injuna a garin nan na Sakkwato wallahi. Injin 150 ƙarfin doki 12 ne ko kusa da haka, ba za ka mai da shi 25 ba ko me ka ɗaura masa, amma mafi yawan mashinan da ake kawo min ko 12 ɗin ba su bayarwa saboda ƙura da sakaci sun cinye rabi. Don haka aikin kashi biyu ne, ka fara dawo da ƙarfin da ya ɓace, sannan ka karkata shi inda kake buƙatarsa.

Kayan da za ka tanada

Sifana lamba 8, 10, 12, 14, 17 da babba ta notin tayar baya, yawanci 19 ko 22 ko 24 ya danganta da mashin. Sifanar fulogi, sukundireba mai baki ɗaya da mai kuros, filaya, fila geji na auna bawul, gejin iskar taya, da ƙaramin famfon hannu. Sai kananzir kamar lita 1, baƙin mai lita 1 da ɗan ƙari, giris, tsohon buroshin haƙori, farin tsumma mai tsabta, da faranti ko murfin bokiti da za ka riƙa zuba ƙananan noti a ciki. Sabon fulogi, in kuma za ka canja ja to sai sarƙa da sifiroket gaba da baya.

In ba ka da fila geji ka aro ko ka bar aikin bawul ga bakanike, kada ka auna da reza ko kwalin sigari kamar yadda wasu ke yi. Wurin aiki kuma ya zama inuwa mai daɓen siminti inda iska ba ta kaɗawa, musamman in lokacin hunturu ne, don buɗe kafireto a fili cikin hazo daidai yake da zuba masa ƙasa da hannunka.

1. Ka gwada shi kafin ka taɓa komai

Nemi miƙaƙƙen wuri da ba jama'a ba dabbobi, ka sa hular kwano, ka lura da abu uku: gudun da yake kaiwa a giya ta ƙarshe, yadda yake tashi daga tsaye, da inda yake shaƙewa in ka murɗa totur. Ka cika tanki ka rubuta kilomita don ka san shan mansa. In ba ka yi haka ba to bayan gyara kunnenka ne zai yi maka hukunci, kuma kunne ƙara yake so, da ya ji mashin na ruri sai ya ce ya ƙara ƙarfi.

Daga nan ka ɗaga mashin bisa turmi ko bulo ka juya kowace taya da hannu. In ta tsaya nan take to birki na kamawa ko boris ya mutu. Na sha ganin mashin da anka kashe kuɗi a kafireto alhali birkin baya ne anka ɗaure fiye da ƙima. Ka kama taya ka girgiza gefe da gefe, ka ƙwanƙwasa wayoyin wili da sifana, wanda ya yi sauti a mace ya saki, a ɗaure shi kaɗan kaɗan.

2. Iyakilina, wato akwatin tace iska, nan ne rabin maganar take

A Sakkwato ba abin da ke cin inji kamar ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne, daga Maris zuwa Mayu zafi ne da busasshiyar ƙasa, wanda kuma ke bin hanyoyin ƙauyukan Kware ko Wurno ko Silame ya san in mota ta wuce ka ko gabanka ba ka gani. Duk wagga ƙurar soso ɗaya ne ke tare ta.

Buɗe akwatin a hankali ka zare filta, kafin ka yi komai ka naɗa farin tsumma a yatsa ka shafa cikin robar da ta tafi kafireto. In tsumman ya fito fes, alhamdulillahi. In ka ga jan layi na ƙura mai laushi, ka murza ka ji tana ƙaras ƙaras tsakanin yatsu, to ƙasa ta daɗe tana shiga inji tana goge ringi da silinda, sai ka nemo ta inda take shiga, ko soso ya yage, ko bakinsa bai zauna ba, ko robar ta tsage saboda rana.

In soso ne, ka wanke shi da kananzir, ka matse shi a tafin hannu, kada ka murɗe shi kamar wanki don yagewa yake yi. Ka sake wankewa da ruwan sabulu, ka shanya a inuwa ya bushe sarai. Sannan ka zuba masa mai, in akwai man filta shi ya fi, in babu man giya mai lamba 90 ko baƙin man inji sabo ya wadatar, ka mammatsa har ko'ina ya jiƙe sannan ka matse rarar. Busasshen soso ba ya tare ƙura mai laushi, man ne ke kama ta, wannan mutane da yawa ba su sani ba sai su wanke su mayar haka nan. In kuma man ya yi yawa mashin zai shaƙe ya yi baƙin hayaƙi. Ka shafa giris siriri a bakin da yake zama kafin ka mayar. Kada ka wanke da fetur, yana cin gam ɗin soso kuma ga hatsarin wuta.

In na takarda ne ba a wanke shi ba a sa masa mai. Busasshe kana iya kakkaɓe shi, amma wanda ya zo da danshin mai daga kamfani canjawa kawai ake yi. Shawarata ga mai soso ya sayi biyu, ɗaya na ciki ɗaya na jiƙe da mai a ƙulle cikin leda, lokacin hunturu duk sati ka duba, in ka yi doguwar tafiyar burji ranar ma ka duba.

3. Baƙin mai, fulogi da bawul

Ka tada mashin ya ɗan yi ɗumi sannan ka juye mai. Injunan Honda da 'yan China masu kwaikwayonsu suna da 'yar raga da sifirin a bayan babban murfin juye mai, ka wanke ta da kananzir ka duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. Mai ka nemi na mashin wanda anka rubuta JASO MA a jikinsa, 10W-40 ko 20W-50, da zafinmu da ke wuce 40 a ma'auni ni 20W-50 na fi so ga injin da ya ɗan tsufa. Man mota na zamani yana sa kuloci santsi tunda kulocin mashin cikin mai yake, sai ka ji inji na kuka mashin ba ya tafiya. Man awo na kwalba da ba ka san asalinsa ba ka bar shi. A ƙurar nan kada ka wuce kilomita 1,500 zuwa 2,000 ba ka juye ba.

Fulogi ka sa irin lambar da kamfani ya ce, injunan CG, wato samfurin Honda da 'yan China ke kwaikwaya, yawanci NGK D8EA ne da tazarar baki 0.6 zuwa 0.7 na milimita. Jabu ya yi yawa a kasuwa, ka sayi wurin mai sifiya da ka yarda da shi. Ka fara ɗaura shi da hannu kafin sifana, in ya ƙi shiga kada ka tilasta, zaren kan inji alminiyom ne.

Bawul sai inji ya huce sarai, ya fi kyau da safe kafin a tada shi. Ka buɗe murfin, ka juya inji har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke ramin dubawa, ka taɓa hannuwan bawul biyun ka ji suna ɗan motsi, in ba su motsi ka ƙara juyi ɗaya cikakke. Tazarar yawancin waɗannan injuna tsakanin 0.05 da 0.12 na milimita take, CG 0.08 ne duka biyu, amma ka duba littafin naka ko takardar da ke manne jikin mashin. Geji ya shiga da ɗan ja kaɗan. Kuskuren da anka fi yi shi ne a matse bawul don inji ya yi shiru. Bawul mai ɗan ƙara ba ya kashe inji, wanda anka matse shi ne ke ƙonewa, alamarsa mashin ya yi wuyar tashi kuma ya riƙa mutuwa a sulo in ya yi zafi.

4. Kafireto

Ka rufe makunnin mai, ka kwance kafireto, ka buɗe kofin ƙasa bisa faranti. Wanda ke shan man 'yan bumburutu zai tarar da ruwa da jan laka a gindin kofin. Ka kwance jet biyun, babba da ƙarami, ka jiƙa su, ka busa da famfo, ka ɗaga su ga haske ka ga rami zagaye tas. Kada ka zura allura ko wayar ƙarfe, tagulla ce mai taushi, da ka faɗaɗa ramin ka ɓata awon har abada. In ya toshe ƙwarai silin buroshi na roba ya isa. Tun da kana wurin ka sa 'yar filtar mai a tiyo tsakanin tanki da kafireto, kuɗinta kaɗan ne.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne kowane sashe da inda yake aiki. Ƙaramin jet da sukurun gefe su ke da sulo zuwa kwatan totur, allura ke da kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet kuma daga nan zuwa ƙarshe. Saboda haka in mashin na shaƙewa wurin tashi, canja babban jet ba zai yi maka komai ba.

Saitin sukuru: ka tada inji ya yi zafi, ka murɗa sukurun ciki a hankali har ya taɓa, kada ka danne, sannan ka dawo da shi juyi biyu. Daga nan ka riƙa juya kwata kwata kana saurare, inda sulo ya fi tashi ya fi daidaita nan ne wurinsa, sai ka sauke sulo da ɗayan sukurun zuwa wajen juyi 1,400 ko 1,500 a minti. In sukurun yana ɓangaren inji, fito da shi ƙarin mai ne. In yana ɓangaren iyakilina, fito da shi ƙarin iska ne. In na ɓangaren inji ne kuma sai ka wuce juyi uku sannan ya daidaita to ƙaramin jet bai fita ba ko iska na shiga ta roba.

Allura in tana da tsaga tsaga, sauke kilif ƙasa yana ɗaga ta ya ƙara mai, ɗaga kilif sama yana rage mai. Mataki ɗaya ake matsawa a gwada.

Sannan fulogi ya ba ka labari. Bayan tafiya mai ɗan nisa ka kashe inji ka cire shi, in bakinsa ruwan ƙasa ne to daidai, in baƙi ne mai toka mai ya yi yawa, in fari ne fat mai ya yi kaɗan, in jiƙe yake da baƙin mai wannan maganar ringi ce ba ta kafireto ba. Fari shi ne abin tsoro. 'Yan kabu-kabu da yawa suna sa a matse musu mai don tsadar fetur, na fahimci dalilinsu, amma injin da iska ke sanyaya shi in ka hana shi mai a watan Afrilu fistin ne zai biya. Kuma Sakkwato ba tudu ba ce, tsayinta daga teku bai wuce 'yan mita ɗari uku ba, don haka jet ɗin kamfani ya dace da mu matuƙar ba ka taɓa salansa ko iyakilina ba.

5. Sifiroket, gyaran da ake jinsa nan take

In akwai canji guda da nake ba kowa shawara to wanga ne, don ba ya taɓa cikin inji kuma in bai yi maka ba kana iya mayar da na da. Ka ƙirga haƙoran gaba da na baya, sau da yawa lambar na rubuce a jiki. Ka raba na baya da na gaba. Misali 45 a baya 15 a gaba ya ba ka 3.00. In ka sa 14 a gaba ya koma 3.21, wato ja ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, gudun ƙarshe kuma ya ragu da kamar haka, mai kai 100 zai tsaya wajen 93. In ka bar 15 ka sa 48 a baya kusan abu guda ne, 3.20, shi ya sa ake cewa haƙori ɗaya a gaba daidai yake da uku a baya. In ka sa 16 a gaba ya sauka 2.81, inji zai huta a kwalta amma tashi zai yi nauyi.

To wanne za ka zaɓa? Ka dubi inda kake yini. Mai shiga fadamar Rima da buhun albasa ko taki a baya, ko mai ratsa yashi da goyo, ya rage ɗaya a gaba, zai ga giya ta biyu na fitar da shi inda da sai ya ƙona kuloci. Mai bin kwaltar Bodinga zuwa Tambuwal kullum shi kaɗai ya bar na kamfani ko ya ƙara ɗaya. Amma a sani ƙaramin inji in ka ƙara masa haƙori a gaba ba lallai ya ƙara gudu ba, sau da yawa giya ta biyar ma kasa ja take yi in iskar gabas ta taso maka. Ni dai ga ƙasarmu na fi son ɓangaren ja.

Rage na gaba ya fi sauƙi da araha kuma sarƙarka za ta isa, sai dai kada ka sauka ƙasa da 13, sarƙa na lanƙwasa da yawa tana saurin mutuwa tana cin robar da take gogawa. Ƙara na baya ya fi wa sarƙa daɗi amma wataƙila sai ka ƙara mata gaɓa biyu. Yawancinsu sarƙa mai lamba 428 suke ɗauka, ka tabbatar sifiroket ɗin ma 428 ne kuma ramukan noti sun yi daidai, ka tafi da tsohon kasuwa ka gwada.

In haƙoran tsohon sun lanƙwashe sun yi tsini kamar farcen shaho, ko ka ja sarƙa daga bayan sifiroket ka ga rabin haƙori, to ukun za ka canja tare. Sabuwar sarƙa bisa tsohon haƙori asarar kuɗi ce. Ka sassauta notin gaba tun sarƙa na ɗaure wani ya taka maka birkin baya. Wurin sa makullin sarƙa, rufaffen kan kilif shi ke fuskantar inda sarƙa ke tafiya, in ka juya shi wani abu na iya fizge shi a hanya. Sakin sarƙa ka bi abin da ke rubuce a ƙarfen baya, galibi milimita 25 zuwa 35, kuma dogon mashin ya fi son saki bisa ga Boxer saboda shakazobarsa na nutsewa da nisa, in ka ɗaure ta tamau boris ɗin giya ne zai tafi. Alamomin gefe biyu su zo daidai. Mai kuma kaɗan ake sawa a goge rarar, giris mai kauri yashi yake tarawa.

6. Taya da iska

Tayar kwalta a yashi ba ta da amfani ko injinka ya kai me, mai manyan ƙuraje kuma a kwalta tana kuka tana saurin cinyewa. Ka nemi ta tsakiya, ka bi lambar da ke jikin tsohuwa, XR150L 19 ne gaba 17 baya, XTZ125 21 da 18. Kada ka sa mai faɗi fiye da ƙima don ado, nauyi ne kawai kake ƙara wa inji.

Masu faci suna son cika taya har ta yi tauri, ka riƙa aunawa da gejinka. A kwalta ka bi na kamfani, yawanci tsakanin 22 da 29 a ma'aunin psi na geji. In za ka daɗe cikin yashi ka sauke zuwa 16 ko 18, za ka ji mashin ya daina nutsewa ya daina wulla kai. Ƙasa da 15 taya na iya zamewa bisa wili ta tsinke bakin tib in ba ka da abin da ke damƙe ta. Dabara ita ce kada ka ɗaure ɗan notin bakin tib ga wili, ka bar shi sama, in ka ga bakin ya karkata ka san taya ta fara zamewa. Da ka hau kwalta ka mayar da iska, amfanin famfon hannu ke nan. Ga ƙayar aduwa da bagaruwa kuma tib mai kauri ya fi, ko ka tsaga tsohon tib ka naɗe sabon da shi.

7. Shakazoba da kariya

In kana ɗaukar kaya ka ƙara matsin sifirin na baya mataki ɗaya ko biyu. In ƙafafun gaba na yoyon mai a canja sil da man duka. Ka sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji don duwatsu, amma mai ramuka, kada a rufe inji ruf iska ta kasa ratsawa. Bayan damina ko shiga fadama ka kankare lakar da ta bushe tsakanin haƙarƙarin silinda, ita ke riƙe zafi, kuma kada ka watsa wa inji ruwa yana da zafi.

8. Salansa, CDI da faɗaɗa silinda

Na bar su ƙarshe don su ne masu cin kuɗi da ƙarancin riba. Salansar da anka huda ko anka zare cikinta tana rage ja a ƙasa, wato daidai inda kake buƙatarsa a yashi, tana sa mai ya yi kaɗan, ga damun maƙwabta da jawo idon jami'an tsaro a shingen bincike, a halin da ake ciki kuwa ba mai son haka, takardunka ma su kasance a jikinka kullum kuma ka san dokar hawa mashin ta ƙaramar hukumar da za ka shiga. In lallai sai ka sa wata salansa, to ka ƙara babban jet mataki ɗaya, misali daga 100 zuwa 102 ko 105, ka duba fulogi, in har yanzu fari ne ka ƙara. CDI, wato ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta, wanda ake kira na tsere yawanci iyakar juyin inji kawai yake cirewa, iyakar nan kuwa ita ke tsare bawul. Faɗaɗa silinda yana ƙara ja da gaske amma yana ƙara zafi, ban ba mai tafiyar nesa shawararsa ba sai in injin dama ya kai a buɗe shi kuma akwai bakaniken da ya iya awo.

Ko wanne ka yi, abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, ka koma wurin gwajin farko ka gwada ka rubuta, sannan ka taɓa na gaba. Bayan tafiyar farko ka sake bin notin taya da na sifiroket da sifana, ka duba sakin sarƙa don sabuwa tana miƙewa a kwanakin farko, ka sake shafa farin tsumman nan cikin robar kafireto ka tabbatar ƙura ba ta wucewa.